DIREBAN ALHAJI KO DIREBAN JAMA'A? TARIHIN HANYOYI BIYU A AIKIN TUƘIN JIRGIN SAMA



Duk lokacin da hoton wani babban mutum ya fito yana saukowa daga jirgin alfarma, muhawarar da muke yi ba ta wuce biyu: nawa ya sayi jirgin, kuma a ina ya samo kuɗin. Ba kasafai ake tambayar wane ne zaune a gaba yana riƙe da akalar jirgin ba, balle a tambayi yadda rayuwarsa take. Amma akwai waɗanda wannan tambaya ta dama ƙwarai. Akwai uban da yake shirin sayar da gona ko fili ya kai yaronsa makarantar tuƙin jirgi. Akwai yaron da ya riga ya gama, lasisi na cikin jaka shekara uku, kullum yana aika takardun neman aiki. Da yawansu suna ɗauka cewa in jirgin fasinja bai samu ba, sai a lallaɓa wajen wani attajiri a tuƙa masa nasa, wai ai can ma ya fi maiƙo.

Maganar ba ta da sauƙi haka. Waɗannan ayyuka biyu lasisinsu ɗaya, sararin samansu ɗaya, amma kowanne da tarihinsa, kuma tarihin ne ya sa suka bambanta. Ku ba ni aron hankalinku, rubutun yana da ɗan tsawo.

YADDA MATUƘIN KAMFANI YA SAMU BAKIN MAGANA

A 1918 hukumar gidan waya ta Amurka ta fara jigilar wasiƙu ta sama. Jiragen na katako ne da ƙyalle, ba rufi, ba na'urar da za ta nuna wa mutum hanya cikin hazo. Matuƙi yana bin layin dogo ne da ido. Cikin shekara tara da hukumar ta yi tana wannan aiki da kanta, matuƙa sama da 30 suka mutu.

A watan Yulin 1919 hazo ya rufe filin jirgin da ke kusa da New York. Wani matuƙi mai suna Leon Smith ya ce ba zai tashi ba. Aka kira wani, Hamilton Lee, shi ma ya ƙi. Daga ofis a Washinton, jami'in da ke kula da harkar, Otto Praeger, ya sa aka kore su duka biyun. Sauran matuƙa suka tafi yajin aiki. Da aka zauna sulhu, aka amince cewa shugaban filin da ke wurin, wanda yake ganin sama da idonsa, shi zai duba yanayi, ba wanda ke zaune a ofis mai nisan ɗaruruwan kilomita ba. Aka mayar da Lee bakin aiki, Smith kuwa bai koma ba.

Wannan rikici shi ne tushen komai. A 1931 wani matuƙi, David Behncke, ya jagoranci kafa ƙungiyar matuƙan jiragen kamfanoni, ALPA, a birnin Chicago, kuma a ɓoye suka fara taruwa don gudun kora. Abu uku suka yi ta fafutuka a kai: a ƙayyade awannin da mutum zai tashi, a daina tilasta wa matuƙi tashi cikin mugun yanayi, sannan a kawo tsarin girma da ranar shiga aiki.

Wannan na ukun, mu ma'aikatan gwamnati mun san shi sarai. Ranar da aka ɗauke ka, ranar aka ba ka lamba. Lambar nan ita za ta yanke yaushe za ka tashi daga kujerar dama ta mataimaki ka koma ta hagu ta kyaftin, wane jirgi za ka tuƙa, wace hanya za ka bi, ko za ka yi bikin shekara a gida, kuma in kamfani ya zo rage ma'aikata, daga ƙasan layi ake farawa. Hikimar abin ita ce, shugaba ba zai iya hukunta matuƙin da ya ƙi tashi ta hanyar danne masa ƙarin girma ba, ba kuma zai iya saka wa ɗan amshin shata da kujerar kyaftin ba. Sai dai tsarin yana da dafi a wutsiya: lambar ba ta bin mutum zuwa wani kamfani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

HAIHUWAR JIRGIN ALFARMA

Bayan yaƙin duniya na biyu, Amurka ta cika da tsofaffin jiragen soja da matuƙan da aka sallama. Kamfanonin mai da na ƙarfe suka riƙa sayen jiragen suna sa musu kujeru masu laushi, suna ɗaukar tsofaffin sojojin su tuƙa shugabanninsu. Daga nan aikin ya samo asali, kuma tun daga farko matuƙin ma'aikacin gida ne, ba ƙungiya, ba layi.

Jirgin fasinja mai injin jet ya fara aiki a 1952 da Comet na Ingila, Boeing 707 ya biyo a 1958. Masu kuɗi suka ce su ma suna son irin wannan gudu. Lockheed JetStar ya tashi a 1957. A watan Oktoban 1963 Learjet 23 na Bill Lear ya yi tashinsa na farko, ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum shida zuwa takwas, wanda aka samo tsarinsa daga wani jirgin yaƙi na Suwizalan. A shekarar ce kuma Faransa ta fito da Falcon 20. Gulfstream II ya zo a 1966, Cessna Citation a 1969. Sunan Learjet ya shahara har ya zama kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo. An daina ƙera shi a 2022.

A 1964 aka kafa Executive Jet a jihar Ohio domin ba da shatar irin waɗannan jirage. A 1986 Richard Santulli, wanda ya sayi kamfanin, ya kawo wata dabara: maimakon mutum ɗaya ya sayi jirgi ya ajiye yana cin kuɗi, mutane da yawa su sayi kaso-kaso, kamar yadda ake watandar sa, kowa a ba shi awanninsa a shekara. Shi ne NetJets. Warren Buffett ya fara a matsayin kwastoma, a 1998 kamfaninsa ya saye shi gaba ɗaya kan dala miliyan 725.

Saboda haka in aka ce mutum matuƙin jirgin alfarma ne, sai a tambaya: wanne daga ciki? Akwai mai tuƙa jirgin mutum ɗaya ko kamfani ɗaya. Akwai mai aiki da kamfanin shata, yau ya ɗauki mawaƙi, gobe ɗan siyasa, jibi maras lafiya. Akwai mai aiki da manyan kamfanonin watanda irin NetJets, wanda yake da jadawali, da layin girma, har da ƙungiyar ƙwadago. Wannan na ƙarshen ya fi kusa da matuƙin fasinja. Na farkon kuwa, ba shi da maraba da direban gidan Alhaji, sai dai motar tasa tana tashi sama.

AIKIN YAU DA KULLUM

Matuƙin babban kamfanin fasinja yana karɓar jadawalinsa tun kafin wata ya kama. In ya iso fili, wani ya riga ya tsara hanya, wani ya lissafa mai, wani ya auna nauyin kaya, injiniya ya sa hannu. Ya duba, ya amince, ya shiga, ya rufe ƙofa. Tun bayan harin 11 ga Satumban 2001 ƙofar nan a kulle take, fasinja bai isa ya leƙo ba. Doka ta ƙayyade masa awa 900 zuwa 1,000 a shekara, gwargwadon ƙasa. Ya sauka, ya ja jakarsa, ya tafi gida. Bai san sunan ko mutum ɗaya cikin waɗanda ya ɗauko ba. Abin da ke damunsa shi ne gajiya da maimaici: Kano zuwa Abuja, Abuja zuwa Legas, a juyo, sau huɗu ko biyar a yini.

Na jirgin alfarma fa? Sau da yawa awanninsa a sama ba sa kai rabin na wancan, amma jiransa ya ninka. Shi ne zai nemo izinin ratsa sararin wata ƙasa, ya yi cinikin mai, ya tabbatar an kawo abincin da maigida yake so, ya loda akwatuna da hannunsa, wani lokacin har share cikin jirgi. An ce masa tashi ƙarfe goma na safe, sai taro ya ja, a tashi tara na dare. Wayarsa ba ta mutuwa. Ranar suna ko ɗaurin aure a gidansu, in maigida ya ce Dubai, to Dubai ɗin ce. A gefe guda, yana sauka a ƙananan filayen da matuƙin fasinja bai taɓa gani ba, jirginsa kan hau har ƙafa 45,000 ko sama da haka, saman hanyar manyan jirage, kuma in ya dace da maigida mai mutunci, zai ga duniya, ya kwana a otal mai kyau, a san sunan matarsa da na 'ya'yansa.

In kuna son misali na kusa, ku dubi babban sakatare da mai ba gwamna shawara na musamman. Na farko ya hau mataki-mataki, gwamnati ta zo ta tafi yana nan. Na biyu yana cin abinci da oga, ana gaishe shi a hanya, amma ranar da oga ya faɗi zaɓe, ranar aikinsa ya ƙare.

RANAR DA ZA A CE "A'A"

A nan ne tarihin 1919 yake dawowa. Doka a ko'ina ta ce kyaftin shi ne mai magana ta ƙarshe a jirgi. Amma faɗar "ba za mu tashi ba" ga fasinja 150 da ba su san ka ba, ta lasifika, kana da ƙungiya a bayanka, daban yake da faɗar ta ido da ido ga mutumin da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanka. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A ranar 29 ga Maris 2001 wani Gulfstream III na shata ya tashi daga Los Angeles zuwa Aspen, gari ne cikin duwatsu wanda aka taƙaita sauka a filinsa in dare ya yi. Fasinjojin sun makara. Da aka gaya wa wanda ya ɗauki shatar cewa mai yiwuwa a karkata zuwa wani fili, ransa ya ɓaci. Lokacin sauka akwai fasinja zaune a cikin ɗakin matuƙa. Ga duhu, ga ƙanƙara na zuba. Suka daki tudu, mutum 18 suka mutu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta lissafa matsin lambar da kyaftin ya shiga cikin abubuwan da suka taimaka.

A watan Janairun 2020 ɗan wasan kwando Kobe Bryant da 'yarsa da wasu mutum bakwai suka mutu a jirgi mai saukar ungulu cikin hazo. Masu bincike ba su samu shaidar cewa wani ya tilasta wa matuƙin ba. Abin da suka ce shi ne, mai yiwuwa shi ya matsa wa kansa, don kada ya ba babban kwastomansa kunya. A watan Fabrairun 2024 shugaban rukunin kamfanonin Access, Herbert Wigwe, da matarsa da ɗansa suka rasu a Kalifoniya, su shida a jirgin, kuma rahoton ya nuna matuƙin ya ci gaba da tafiya da ido cikin yanayin da ido ba ya gani.

Akwai kuma haɗarin sabo. A watan Mayun 2014 wani Gulfstream IV ya kasa tashi a Bedford ta jihar Massachusetts, ya kama da wuta, mutum bakwai suka mutu. Matuƙan ƙwararru ne, sun daɗe suna aiki tare. Sun manta ba su cire makullin da ke riƙe fikafikan sarrafa jirgi in yana ajiye ba. Da aka duba na'urar jirgin, sai aka ga a kashi 98 cikin 100 na tashi 175 da suka yi a baya, ba su yi cikakken gwajin da zai tona wannan kuskure ba. Mutum biyu, jirgi ɗaya, ba mai leƙa su.

Kada wani ya ɗauka jirgin jama'a ya kuɓuta daga matsi. Mu nan Arewa mun ɗanɗana. Ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin alhazai ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. DC-8 ne na kamfanin Nationair na Kanada, yana aiki da sunan Nigeria Airways. An san iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa, makaniki ya nemi a ƙara, jami'in da ke kula da kwangilar bai yarda a ɓata lokaci ba. Tayoyin suka fashe a kan titi, wuta ta kama, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Mutum 261, ba wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu. Darasin ɗaya ne: duk inda agogo ya fi ƙarfin mai cewa a dakata, ana gab da jana'iza.

WANNE YA FI TABBAS?

Har zuwa 1978 gwamnatin Amurka ce ke yanke wa kamfanoni hanya da farashin tikiti. Kyaftin na Pan Am a lokacin sarki ne. A shekarar Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar sakin kasuwa. Braniff ya durƙushe a 1982, Eastern a Janairun 1991, Pan Am a Disambar 1991. Nan dafin wutsiyar nan ya fito. Kyaftin mai shekara ashirin da biyar a sama, in bai samu shiga cikin waɗanda wani kamfani ya kwasa tare da jiragensu ba, sai ya koma ƙasan layi a sabon wuri, mataimaki ga yaron da ya haifa.

Ƙasan layin kuwa ba daɗi. A watan Fabrairun 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da Buffalo, mutum 50 suka mutu. Bincike ya fito da cewa mataimakiyar matuƙin albashinta bai wuce kimanin dala 16,000 a shekara ba, kuma ta kwana tana ratsa ƙasar daga gidansu zuwa wurin aiki. Daga nan aka yi dokar da ta fara aiki a 2013, cewa sai mai awa 1,500 zai zauna ko a kujerar mataimaki a jirgin fasinja na Amurka, in ban da wasu 'yan rangwame ga tsofaffin sojoji da masu digirin fannin.

Su ma na alfarma sun ga tasu. A watan Nuwamban 2008 shugabannin General Motors da Ford da Chrysler suka je Washinton roƙon tallafin gwamnati, kowa a jirginsa na alfarma. 'Yan majalisa suka yi musu tatas a gaban kyamara. Kafin wata ya zagayo, General Motors da Ford suka sanar da rabuwa da jiragensu. Matuƙan da ba su ci ba, ba su sha ba, suka rasa aiki saboda abin kunyar da iyayen gidansu suka jawo. NetJets ma ya ajiye matuƙa kusan 500 bayan wannan karayar tattalin arziki.

A 2020 korona ta juya lissafin: jiragen fasinja suka kwanta, masu kuɗi suka ruga shata don gudun cunkoso. A 2023 ya sake juyawa: matuƙan Delta suka samu ƙarin albashi na kashi 34 cikin 100 a tsawon shekara huɗu, sauran manyan kamfanoni suka bi sahu, matuƙan alfarma suka riƙa tsallakawa can. Sai kuma shekaru. Tun wajen 1960 matuƙin fasinja a Amurka yana ajiye aiki yana da 60. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ɗaga zuwa 65 a 2006, Amurka ta bi a 2007. Jirgin ƙashin kai wanda ba na haya ba, wannan iyaka ba ta hau kansa a can. Shi ya sa za ka ga dattijo mai furfura a gaban jirgin attajiri: ya gama da kamfani ne ya dawo nan.

TO MU FA A NAN GIDA?

Jirgin sama ya fara sauka Kano a watan Nuwamban 1925, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. A 1936 Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu da fasinja daga Khartum zuwa Kano. A 1946 aka kafa kamfanin haɗin gwiwa na Afirka ta Yamma, WAAC, daga cikinsa Nigeria Airways ya fito a 1958. A 1964 aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya. A wancan zamani hanya a miƙe take: gwamnati ta ɗauke ka, ta horar da kai, ta sa ka a jirginta, ta tura ka ƙasar waje ƙaro ilimi, ka hau mataki har kyaftin. Aikin gwamnati ne mai fikafikai.

Nigeria Airways ya daina tashi a 2003. Ma'aikatansa suka shiga bin haƙƙinsu shekara da shekaru. A 2018 gwamnatin Buhari ta saki kimanin Naira biliyan 22 a matsayin wani kaso na abin da suke bi, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya.

Waɗanda suka maye gurbinsa, ku duba su da kyau. Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, tun farkon shekarun 1980. Okada Air na Cif Gabriel Igbinedion. Chanchangi na marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi. IRS na gidan Isyaka Rabi'u. Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal. Azman na Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina. Air Peace na Allen Onyema. Waɗannan mutane sun yi ƙoƙari, sun zuba dukiya a harkar da ke cin kuɗi da dala tana samu da naira, sun ɗauki 'ya'yan talakawa aiki. Amma kusan kowane kamfani, ka ambaci sunansa sai sunan mutum ɗaya ya faɗo maka. Ina Okada yau? Ina Chanchangi, ina Bellview, ADC, Sosoliso, Albarka, Air Nigeria? Arik da ya fara a 2006 da sababbin jirage, a 2017 hukumar AMCON ta karɓe shi saboda bashi.

Abin da nake so mu gane shi ne, katangar da ta raba aikin nan biyu a Amurka da Turai, a nan gajeruwa ce. Layin girma yana da amfani ne in kamfani zai rayu shekara talatin. In kamfani ba ya wuce goma ko sha biyar, lambarka takarda ce kawai. Matuƙin fasinja a Najeriya, sau da yawa, shi ma direban Alhaji ne, illa dai motar tasa bas ce. Akwai ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi, NAAPE, amma a watan Agustan 2020, da korona ta matsa, mun ga yadda aka sallami matuƙa gommai a 'yan kwanaki.

Ɓangaren alfarma kuma yana da nasa ciwon. Da yawa daga jiragen attajiranmu rajistar ƙasar waje gare su, kuma jirgi yana bin dokar ƙasar da aka yi masa rajista, har da irin lasisin da matuƙinsa zai riƙe. Wannan na cikin dalilan da ke sa ka ga Bature ko ɗan Afirka ta Kudu a gaba, namu na zaune a gida. Sannan ga shatar bayan fage: mutum ya karɓi izinin amfani da jirgi don kansa da iyalinsa, sai ya riƙa ba da haya a ɓoye, ba tare da cika sharuɗɗan masu haya ba. A 2024 hukumar NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jirage, ministan sufurin sama Festus Keyamo ya kafa kwamiti a kan lamarin. In abu ya lalace a irin wannan tafiya, inshora na iya zamewa, kuma lasisin da ke kan gaba wajen tafiya shi ne na matuƙi. Wanda ya tuna ɗan ƙwallon nan Emiliano Sala, da ya mutu a teku tsakanin Faransa da Ingila a Janairun 2019, ya san ƙarshen irin wannan: matuƙin ba shi da lasisin ɗaukar fasinja don kuɗi, kuma wanda ya shirya tafiyar ya ƙare a kurkuku.

GA MAI SHIRIN SAYAR DA GONA

Makarantar tuƙi tana yaye yaro da lasisin kasuwanci da awa wajen 200. Wannan hangen Dala ne, ba shiga birni ba. Kowane babban jirgi yana da takardar ƙwarewarsa daban: ta Boeing 737 ba ta aiki a Embraer, ta Challenger ba ta aiki a Hawker, kuma kowacce dubban daloli ce. Lasisin zama kyaftin na jirgin fasinja yana buƙatar awa 1,500. Gwamnatin Kano a zamanin Kwankwaso ta tura matasa 100 Jodan suka koyo tuƙi, abin a yaba. Amma bayan sun dawo, da yawansu sun daɗe ba su shiga jirgi ba, saboda wannan gibi da ke tsakanin awa 200 da kujerar aiki. Duk gwamnan da zai sake irin wannan, ya sa kuɗin takardar ƙwarewa a kasafi tun farko, ya kuma zauna da kamfanonin da za su ɗauki yaran kafin su tafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kuma jirgin attajiri, ba mafakar sabon yaye ba ce. Mai jirgi da kamfanin inshorarsa gogagge suke nema, mai dubban awanni. Ko an ɗauki yaro mataimaki, jirgin da ke tashi sau uku a wata yaushe zai tara masa awa 1,500? Wanda ke jigilar Kano da Legas kullum zai tara a shekara biyu zuwa uku abin da wancan zai yi shekara bakwai yana nema. Shi ya sa tsarin da aka fi gani shi ne a fara da fasinja, a tara awanni, a koyi aiki a inda ake da littafin ƙa'ida da masu sa ido, sannan in an so a koma alfarma da furfura da ƙarfin cewa a'a.

Wanda kuma aka yi wa tayin aikin alfarma, kafin ya tambayi albashi, ya tambayi waɗannan: matuƙa nawa ne a kan jirgin, biyu ne kacal ko akwai na canji? Wa zai biya kuɗin horon da ake sabuntawa a na'urar kwaikwayon jirgi? Izinin jirgin na haya ne ko na gida? In an sayar da jirgin gobe, me takarda ta ce a kaina? Sannan ya nemi wanda ya bar kujerar, ya tambaye shi abin da ya faru ranar da ya ce wa maigida yau ba za a tashi ba.

Manyanmu masu jirage, ku ma da ku nake. In hazon hunturu ya rufe Kano ko Maiduguri, direbanku ya ce a jira, kada a ɗaure masa fuska, kada a ce ai jirgin wane ya sauka ɗazu. Wannan kalma tasa ita ce mafi tsadar abin da kuke biya a jirgin nan. Taron da kuke sauri, in kun makara za a jira ku.

Akwai matuƙa da injiniyoyi a cikinmu, na gida da na waje. Ku faɗa wa yaran nan yadda kasuwar take a yau, domin wasu iyayen a wannan watan za su yanke shawara.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya tsare matafiya na sama da na ƙasa, Ya ba yaranmu aikin yi mai albarka.